Rabon Kaltum a Kwanon Ya Gana

Ya Gana mai turaren wuta, in kun taɓa ratsa kasuwar Azare hancinku ya san ta, ko da idonku bai sani ba. Iyayenta daga Borno suka zo. Ita da yayarta Kaltum suka yi aure, suka ga bayan mazajensu, Allah ya jiƙan bayinsa sun huta, sannan suka koma gida ɗaya, kwano ɗaya. Kowace gabanta take ci. Hannun ƙanwa ba ya ƙetare tsakiya, ko da tsokar nama na can tana yi mata gwalo.

Bara Kaltum ta rasu. Ya Gana ta hau ramewa har zani ya yi mata yawa. Ga maƙoƙo ya tokare wuya, likita kuma ya ce ba zai yi mata aiki ba sai ta ƙara nauyi.

'Yarta Hidaya ta taho daga Gamawa da waya mai lissafin abinci. Aka sa tsayi da nauyi da shekaru, waya ta faɗi kalorin da tsohuwa ke buƙata. Hidaya ta riƙa auna tuwo da miya daidai, tana zubawa a kwanon nan na da. Kullum kwano ya fito fes, sikeli kuwa sai baya yake yi.

"Mama, kaji kike ba wa?"

"Ni da ko ƙwai ban ajiye ba?"

Ran nan da azahar Hidaya ta laɓe bayan labule. Uwar ta cinye gabanta, ta tsaya cak a tsakiya, ta suɗe yatsu. Ɗaya gefen kuwa yana ta lotsawa, loma bayan loma, babu hannu. Ɗaki ya gauraye da ƙamshin humrar da Kaltum kaɗai ta iya haɗawa.

Hidaya ta shiga, baki na salati.

"Mama, daga yau a faranti za ki ci, ke kaɗai."

"In bar Yaya tana kallon bakina? Wayarki ce marar tarbiyya, ta yi lissafin mutum ɗaya. Sa nata."

Hidaya ta danna da ƙyar. "Wai... yaya yawan motsin jikinta?"

"Sa mai yawa. Daga maƙabarta take takowa, ba ta hawa acaɓa."

Aka ninka tukunya. Kafin damina ta fita Ya Gana ta yi kumatu, likita ya cire maƙoƙo. Hidaya ce dai yanzu, a gidan nan ko ruwa ba ya wuce mata.