Gawon Malam

Wata ranar Alhamis ce bayan la'asar, a ƙarshen dogon hutun shekarar da gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta, wata akori-kura ta tsaya a ƙofar makarantar ƙauyenmu da ke tsakanin Dudunni da Kusada. Ina tsakar gida ina surfe na ji yara na ihu wai Malam ya dawo. Na yar da taɓarya na fita a guje, dusa a hannuwana har gwiwa. Ga Babana tsaye a bayan mota, ya rame ya yi baƙi, da wata malafa mai faɗi da ban san shi da ita ba, ƙananan ledoji baƙaƙe sun kewaye shi, kowace da ɗan tsiron da bai wuce taƙi ɗaya ba. Sati shida ina lissafin tsarabar Kankia, ko alewa ko ɗan kallabi. Sai ya miƙo mini leda ɗaya mai jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ce in riƙe da hannu biyu kada in karya saiwa. Tsarabar ke nan.

Babana shi ne malamin aji biyar, ni kuma ina ajinsa, shekarata goma sha ɗaya. Bayan farin nan da ya kashe shanu da itatuwa, aka ce kowace makaranta ta tura malami ɗaya Kankia a dogon hutu, a koya masa sanin daji da rainon itace, ya dawo ya koya wa yara. Kowa ya noƙe saboda hutun ya faɗo tsakiyar damina, gona na jira. Baba ya ɗaga hannu. Abin da har yau yake ba ni haushi shi ne, sun kwashe tsakiyar damina suna zaune a kan benci ana koya musu cewa da damina ake dashe, ranar da aka sallame su kuwa gero ya isa girbi. Kakata, mahaifiyarsa, ta leƙa ledojin ta tambayi sunan abin, ya ce mata turare ne, itacen ƙasar waje mai saurin girma. Ta ce, "To Malam, yanzu da ruwa ke shirin tahiya za ka dasa icce? Da mi za ya rayu?" Ya ɗaga wani littafi mai shuɗin bango ya ce, "Inna, ilimi ne. Komi na nan ciki."

A bayan makarantarmu akwai wani fili da sabara da kalgo da magarya suka cika, da 'yan gawo masu tasowa nan da can. A nan muke ɓuya in an fita tara, a nan muke tsinkar magarya mu cika aljihu. Littafin ya ce a share fili tas kafin a dasa, saboda haka kwana uku muka yi da adda da gatari, maza na sara, mu mata muna ja muna tarawa, aka banka wa tarin wuta. Sannan Baba ya ja wata igiya mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli rami ɗaya, layi ya miƙe sambal kamar kunyar auduga. Ba a yi sati da dashen ba awaki suka gano wurin. Sai ga mu a layi, ana kora mu daji wajen Dudunni mu saro ƙaya mu yi shinge, irin ƙayar nan dai da muka ƙona da hannunmu. Na dawo da ƙafa duk tsaga, ina jan reshen magarya ina zagin littafin nan a zuci.

Kowane ɗalibi aka ba shi itace ɗaya, aka rubuta sunansa a guntun gwangwani aka kafa. Mutanen gari kuwa sun samu abin hira. A gindin rumfar mahauta aka raɗa wa Baba suna Malam Turare, in ya wuce a keke sai wani ya shaƙi iska ya ce ƙamshi ya iso. Abin ya ci masa rai. Wata safiya a layin makaranta, gaban hedimasta da kowa, ya nuna ramin farko na bakin hanya ya ce, "Wancan na ɗiyata Rabi ne. In iccen Rabi ya kai damina, kwas ɗina ya yi rana. In ya mutu, ku kira ni duk sunan da kuka ga dama." Ba wanda ya tambaye ni, an ɗauki mutuncin babban mutum an ɗora a kan ɗan tsiron da akuya za ta gama da shi a loma ɗaya, an ce ni ce mai gadi.

Ruwa ya ƙara sauka sau biyu ya ɗauke. Daga nan rayuwata ta koma tulu da gammo. Rijiyar garinmu mai zurfi ce, kafin guga ya fito tafin hannu ya yi ja, ga matan gari da tulunansu, ga makiyaya da shanunsu, kowa na hararar 'yan makaranta masu kwasar ruwan sha suna kai wa itace. Safe tulu ɗaya kafin a buga ƙararrawa, yamma tulu ɗaya bayan na gama daka. Ƙawayena na 'yar gala-gala da carafke a ƙofar gida, ni ina wucewa ruwa na zuba mini a wuya. Ran sallah ma da sabon zanena na je. Kaka takan bi ni da kallo ta ce, "Icce da sai an ba shi ruwa a baki, wannan ai jinjiri ne kika samu, Allah shi raya maki." Sauran yara sukan yi ha'inci su tsallake kwana biyu, ni ba dama, domin mai duba aikin a gidanmu yake cin tuwo.

A cikin shingena akwai wani kututturen gawo da muka sare lokacin sharar filin. Da ya ji danshi sai ya yi toho. Baba ya gani ya ce in cire, yana sace wa turare ruwa. Na sa wuƙa na yanke. Bayan sati uku ya sake fitowa, ya ce in yanke, na yanke. Karo na uku da kansa ya kawo fartanya ya tsaya a kaina har na sassare shi na tura ƙasa na rufe. Ni ma a lokacin haushin kututturen nake ji, ina ganin da wuyana nake ciyar da ɓarawo.

Da bazara ta kama, turaren nan suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wani gara ta ci shi ta ƙasa, wani akuya ta tura kai ta shinge, wani haka kawai ya bushe a tsaye. Gwangwanayen sunaye suka rage a fili ba komai a gabansu. Baba ya daina shiga wurin, ya daina buɗe shuɗin littafi, sai dai in muna darasi ya je taga ya hango ramin bakin hanya, ya ga kore, ya dawo allo. Nawa ya jure har aka fara ganin hadari a gabas. Sannan wata safiya na taɓa shi ganyen ya zube a hannuna, na tona gindin na tarar gara ta cinye saiwar ƙaf. Na zauna a ƙasa na yi kuka, kukan baƙin ciki da takaici, wata bakwai na ɗaukar tulu. Da na share ido sai na ga gawon nan ya sake fitowa karo na huɗu, ya kai gwiwata, kore shar, domin shi gawo da rani yake ganye. Na dube shi, na dubi tagar ajinmu. Na ƙara ƙaya a shingen, na juye masa tulun, ban gaya wa kowa ba.

Kwana goma sha Baba na zuwa taga yana ganin kore. Rannan sai ga malamin dajin da ya koyar da su a Kankia ya zo a babur duba aikin ɗalibansa. Baba ya sa malafarsa, ya wuce da shi ta cikin matattun ramuka, hedimasta na biye, mu ma muna biye, har 'yan rumfar mahauta sun matso bakin hanya. Da aka iso ramina Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, ga wanda ya tsira." Ya janye ƙaya da sandarsa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya juyo ya dube ni, na sunkuyar da kai ina jin kamar ƙasa ta tsage. Malamin dajin kuwa ya tsuguna yana shafa ganyen, ya ce madalla, wannan shi ne uban gona, ganyensa taki, 'ya'yansa abincin dabba, ba ya neman ruwan kowa. Baba ya ce a hankali, "Ba ku koya mamu haka ba." Mutumin ya miƙe yana kaɗe wando ya ce, "Ai itatuwan gida kashi na biyu ne na kwas ɗin, Malam. Sai hutu mai zuwa." Hutu ya zo ya wuce, ba a sake kiran kowa ba.

Baba bai buge ni ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba har ya bar duniya. Sunan Malam Turare ya bi shi shekaru. Bara na je garin, makarantar ta zama ta bulo, an haƙa burtsatse a bakin ƙofa, yara na ta ɓarnar ruwan da a da sai da jan guga. Na ji an ce har yanzu ana tura malamai irin wannan kwas, ban tambaya ko an gyara lokacin ba don kada raina ya ɓaci. Filin nan babu ko turare ɗaya. A bakin hanya akwai wani ƙaton gawo da mutum biyu ba sa rungume shi, shanu na kwance a inuwarsa suna tauna 'ya'yansa. Na tambayi wata yarinya mai tallan gyaɗa sunan wurin, ta ce Gawon Malam, wai wani malami ne ya je Kankia ya yi karatun daji ya dawo ya dasa shi. Na buɗe baki zan gyara mata, sai na tuna da shi tsaye a taga yana hangen kore. Na ce mata haka ne, Babana ne.