Dankalin Gwaggo

Gwaggona, yayar mahaifina, tana da wani dankali a Roni da ban taɓa ganin irinsa a kasuwa ba. Bawonsa ja, cikinsa kamar kwaiduwa, ga gari. Daga gidan iyayenta ta zo da shi. Dankali ba ya da ƙwayar da za a ƙulle a tsumma, reshensa ake dasawa, don haka duk rani sai ta bar 'yar yabanya a gindin randa tana ba ta ruwan alwala har damina ta faɗi.

Ni ne na kawo mata masu binciken irin shuka. Lokacin ina sabon malamin gona, kaina na hayaƙi. Suka yanki tsiron suka tafi da shi birni. Na bi su na gani da idona: wani a kwalba yana toho ba ƙasa, wani an daskarar da shi a cikin tulun ƙarfe mai fitar da tururin sanyi. Suka ce zai shekara ɗari a haka.

Na dawo ina zuba. Na tarar da ita tana jan guga da ciwon gwiwa.

"Gwaggo, ki huta haka nan. An ajiye miki shi inda ba zai mutu ba."

"To ɗan nan, tunda kai ka faɗa."

Ranin nan ba ta shayar ba, yabanyar ta bushe. Da hadari ya fara haɗowa ta yi kunya uku a bayan ɗaki, ta ce in je in karɓo mata irin dankalinta.

Na je. Aka ce sai da takarda. Na kawo takarda, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Da ya dawo aka ce aikin ya ƙare, na kwalba ya lalace, na tulu kuwa babu sinadarin farfaɗo da shi. Amma yana nan lafiya, in ji su, har da nuna mini lambarsa a littafi. Haushin kaina ya fi nasu ci mini rai.

Damina uku ke nan tana yin kunyar nan, ciyawa na cinyewa. Ba ta taɓa zagina ba, da ma ta zaga. Bana da na sake dawowa hannu wofi, na ce mata, "Yana da rai fa, Gwaggo, shekara ɗari zai yi."

Ta jingine fartanyar.

"Shi zai yi. Ni fa?"