Takardun Farfesa a Rumfar Warewa

Ni fa aikina a kamfanin nan na Sharada ba shi da wuyar bayani. Tsofaffin takardu ake kawo mana a mota, mu mata shida mu zauna a rumfa mu ware. Farar takarda gefe guda, ita a ranar ake kai ta injin markaɗe a yi tishu da ita. Wadda ta tsufa ta yi ja kuma a tara ta sai Alhamis, a yi kiret ɗin ƙwai. Duk wani ƙarfe, fil ne ko kilif, sai an cire, don yana lalata inji. Shi ke nan aikin.

Hannu ne ke yi, ido ba ya karatu. Ko ni da nake da shegen son karance-karance, wadda duk datar wayata a kallon tarihin ganuwa da na fatake take ƙarewa, a wurin aiki ban cika duba abin da ke hannuna ba.

To, wata Litinin aka sauke buhuna biyar. Direban ya ce daga wani gida ne da ake kwashe kaya, mai gidan ya rasu. Ni aka turo wa su. Tun safe nake fizge kilif ina jefawa a gwangwani, fara nan, ja can, har aka zo aka kwashi farar aka tafi da ita. Sai bayan azahar idona ya faɗa kan wata takarda mai jan biro. Da Turanci ne, amma na gane. Mai rubutun yana cewa bara ya gaya wa ɗalibansa abu kaza game da marina, kuma bai yi daidai ba, bana sai ya fara da ba su haƙuri.

Na ce ikon Allah, malami ne ke ba ɗalibai haƙuri?

Na jawo wata, na jawo wata. Ashe farfesan tarihi ne a jami'a, kuma duk rayuwar koyarwarsa ce a buhunan nan. Kun san abin da ya fi ɗaure min kai? Laccar farko da yake yi wa 'yan aji ɗaya, duk shekara sai ya sake rubuta ta daga tushe. Ya soke, ya ƙara, ya yi gardama da kansa a gefen shafi. Sannan akwai aikin gida guda da bai taɓa canzawa ba: kowane ɗalibi ya je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidansu, ya tambaye shi a ina suke ɗebo ruwa lokacin yana yaro. Tambaya ɗaya tak. Amsoshin kuma ga su nan jibgi, wasu da Hausa, ya bi su da jan biro: wace rijiya, wa ya haƙa ta, koma ka sake tambaya.

Na juya wurin Iya, dattijuwar da ke zama kusa da ni, 'yar asalin Sharada ce tun kafin a san kamfani.

"Iya, kin san me muke yagawa kuwa?"

"Takarda."

"Tarihi ne fa! Na wani farfesa."

"To, Allah ya jiƙan sa. Farar tasa dai tuni ta zama ta share majina. Ki yi sauri, 'yar boko, kin bar min aiki."

Sai a nan na tuna. Ni da hannuna na aika da ita. Kuma abin da ya rage, Alhamis da safe zai bi ta.

Na samu ogan rumfarmu a bakin sikeli. Na yi masa bayani har da haki. Ya saurara, ya ce, "Ke, ni ban san farfesa ba, kilo na sani. Abin da ya shigo shi zai shiga inji. Kika kawo min takarda mai nauyinsa kafin Alhamis, ki kwashi kayanki."

Kwana biyu ke nan gare ni. Na kwashe littattafaina na sakandare kaf, har da na ƙannena da suka gama da su. Aka ɗora a sikeli, ko buhu ɗaya bai kai ba. Ranar Talata da yamma na hau adaidaita zuwa 'Yan Lemo a Na'ibawa, wurin kawuna mai sayar da kayan marmari, na ce kwalaye nake so.

"Sana'ar bola kika koma?"

"Kawu, farfesa zan fansa."

"Me ya yi aka kama shi?"

Ya yi ta dariya, amma ya sa aka ɗaure min kwalayen tuffa har ɗauri biyu. Laraba da safe oga ya auna, ya ce saura kaɗan. Sai ga Iya ta ciro wasu tsofaffin kalandu daga jakarta ta wurga a kai, ko kallona ba ta yi ba. Ta ce sun dame ta ne a ɗaki. Sikeli ya yi daidai.

Buhu uku na kai gida Zawaciki. Mamata ta tsaya a ƙofa ta ce in dai ta ga kyankyaso ɗaya, wuta za ta sa musu.

Da na zazzage su a tabarma ne na gane ɓarnar da na yi. Mutumin nan ba ya sa lamba a shafi. Kilif ne ke riƙe masa komai, lacca ɗaya kilif ɗaya, ni kuwa na cire su duka, na cakuɗa shekara da shekara. Za ki karanta yana maganar rijiya, ki juya ki gan shi a kasuwar gishiri. Na zauna kamar in yi kuka.

Da na gaya wa Iya ran Alhamis, inji na can yana ta cinye kwalayen kawu, sai ta ce in kawo mata kaɗan ta gani. Ita ba ta karatun boko. Ta ɗaga shafi biyu a rana, ta haɗa kusurwarsu, ta ce, "Wannan da wannan 'yan ɗaki ɗaya ne." Na ce ta yaya? Ta nuna min tsatsa. Kowane kilif ya bar shatinsa a takarda, wani a karkace, wani a tsakiya, wani ya ci har ya huda. Shekarunta nawa tana cire su, ta san su kamar fuskar mutane. Wallahi ban taɓa lura ba!

Haka muka riƙa yi a lokacin cin abinci, ita tana haɗa tsatsa, ni ina karantawa in ga ko magana ta bi. Wani lokaci ta bi, wani lokaci mu yi ta musu. Rannan na karanta mata amsar wani ɗalibi daga wajen Challawa, ta katse ni ta ce ƙarya ne, rijiyar nan ba a yamma da tsamiya take ba, kakansa ya rikice. Na rubuta gyaranta a gefe da fensir. Jan biro dai ban isa ba.

Yanzu lacca tara muka haɗa cif, da wasu guntaye. Duk na ƙuruciyarsa ne, lokacin yana rubutu da hannu a takardar da ta yi ja. Na girmansa, waɗanda aka buga a fara, su ne na aika inji ranar Litinin. A ta taran ya ce ya fara zargin duk yadda yake koyar da zuwan kamfanoni ƙasar nan a juye yake, sai baɗi zai warware. Laccar baɗin nan ba ta cikin buhunana. Na duba sau uku.

Shi ya sa duk wanda na ji ya yi tarihi a jami'a, ko a adaidaita muka haɗu, sai na tambaye shi ko malaminsu ya taɓa aikensa gida tambayar ruwa. Ya zuwa yanzu mutum ɗaya ya ce e, wani mai kemis a Dakata. Ya ce yana jin littafinsa na aji yana garinsu, in ya je da Sallah zai duba min.