Injin da Yayana Ya Kafa a Maradi

Shawarar kafa injin niƙa a Maradi ba tawa ba ce, ta yayana ce. Shekara biyu ya girme ni, amma duk wanda ya san mu a Gazawa ya san sai an matso kusa ake bambance mu. Tsawonmu ɗaya, muryarmu ɗaya, har wushiryar nan ta gidanmu duk mun ɗauko. A hali ne muka rabu. Shi in ya shiga motar haya, kafin a kai Agye ya san garin kowa da abin da ya fito da shi. Ni kuwa sai a kai inda za a kai ban buɗe baki ba.

Ya yi rani biyu a Katsina yana aiki wurin wani mai inji, can ya koyi sana'ar. Da ya dawo sai ya zaunar da ni a inuwar rumbu ya ce noma kaɗai ba zai riƙe gidanmu ba, tunda gonar ba ta ƙaruwa, mu kuwa kullum ƙaruwa muke. Muka sayar da sanmu na noma, muka haɗa da waken da muka ajiye, ya tafi Maradi shi kaɗai. Wata guda ya yi can. Ya samu wani ɗakin kwano a wata unguwa ta bakin gari, ya sayi inji, ya kafa shi a kan siminti. Sannan ya dawo don mu gama kwashe abin da ya rage a gona mu tafi tare.

Muna ɗaurin harawa da hantsi ya cusa hannu ƙarƙashin wani tari, sai ya fizge shi ya ce, "Kai, wani abu ya sare ni." Na ga kububuwa tana sulalewa cikin karmami. Na ɗaure masa damtse da zariyar wandona, na aro amalanken jaki wurin maƙwabcin gonarmu, muka kai shi likita. Kwana biyu ya yi. A rana ta biyu jini na tsattsafowa daga dasashinsa, ya ce in laluba aljihun rigarsa. Makulli ne ɗaure da zare.

"Bayan masallacin unguwar," in ji shi, "akwai itatuwan dogon yaro guda biyu. Mai faci na gefen. Ba za ka ɓata ba."

Kafin la'asar ya cika.

Bayan sadakar arba'in Inna ta ba ni rigunansa da hularsa, ta ce inji ba zai zauna a kulle ba bayan an sayar da sa dominsa. Na sa riga ɗaya daga ciki, na kama hanya. Ban taɓa kwana a Maradi ba kafin ranar. Ɗan kabu-kabu ya yi ta zagaye da ni, har muka hango itatuwan nan biyu da tayoyi jingine a gindinsu.

Ina kokawa da kwaɗo sai na ji an buga mini kafaɗa. Mai facin ne, wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji, hannunsa baƙi ƙirin da man inji.

"Ɗan Gazawa! Ka ce mako biyu, ka je ka share wata biyu. Mun ce ko amarya aka yi maka. Ka dawo lafiya?"

Na buɗe baki in faɗa masa. Abin da ya fito shi ne, "Lafiya lau."

Har yau ina tambayar kaina dalili. A gida na yi kwana arba'in a kan tabarma ina amsa gaisuwar rasuwa, kowa ya shigo sai ya sake kashe mini shi da bakinsa. Nan kuwa ga mutum yana dariya, a wurinsa yayana tafiya kawai ya yi ya dawo. Na ce a raina gobe zan faɗa.

Da na tura ƙofa na iske ɗakin yadda ya bar shi. Tabarmarsa a naɗe a kusurwa, buta da sauran ruwa a ciki, takalman robansa a jere bakin ƙofa kamar ya shiga masallaci. A kan tagar akwai ɓarin goro da ya gatsa ya ajiye, ya bushe ya yi baƙi, shaidar haƙoransa na nan. Injin na tsakiyar ɗaki lulluɓe da buhu. A jikin simintin da ya ɗora shi akwai sawun ƙafarsa guda, inda ya taka tun bai bushe ba. Duk inda zan tsaya in zuba hatsi, sai ƙafata ta faɗa cikin wannan sawu, kuma daidai take shiga.

Goben ta zo ban faɗa ba. Kowa a layin ɗan Gazawa yake kira na, sunan da suka sa masa, ni ma kuma ɗan Gazawan ne, sai na riƙa lallashin kaina cewa ba ƙarya nake yi ba.

Injin ne ya fara neman tona ni. Abin da na sani game da shi a bakin yayana na ji, ban taɓa tayar da shi ba. Na zuba masa man gazuwal, na yi ta juya hannun har kafaɗata ta yi tsami, ya yi tari ya mutu. Mai faci ya leƙo.

"Kai da ka haɗa shi da hannunka, yau shi ke gagarar ka?"

Na ce na yi rashin lafiya a gida, jikin bai dawo ba. Ya dube ni ya ce lalle ka rame, har maganarka ta ragu. Ya ɗaga wani ɗan ƙarfe a gefe, ya ce in juya, ya sake shi, injin ya kama da ƙara har kwanon ɗakin na rawa. Na riƙe abin da ya yi a kaina.

Wadda ta fara kawo niƙa wata tsohuwa ce mai sayar da koko da ƙosai a bakin masallaci. Ta dire bokitin jiƙaƙƙen gero ta ce, "Ka yi alkawari ni za ka fara yi wa. Ban kai ko'ina ba yau, kai nake jira." Na markaɗa mata, ya fito da tsaki-tsaki, na sake mayarwa. Ta ɗauki bokitinta ta tafi. Daga ranar kullum da sassafe tana zuwa, ta zauna a kan wani bulo tana kallona har in gama. Mata suka fara aiko da gero da dawa da wake. A hankali hannuna ya faɗa, na gane yadda ake matse haƙoran inji in ana son gari mai laushi, da yadda ƙararsa ke canjawa in ya ƙoshi.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne hirar mai faci. In rana ta take aiki ya lafa, sai ya shigo da shayinsa ya ci gaba da zancen da suka fara da yayana, daga inda suka tsaya. Ta bakinsa na ji abubuwan da ban sani ba. Ashe yayana ya yi kwana uku yana kwana a gindin dogon yaro kafin a ba shi makulli. Ashe ya taɓa kuka a gabansa ranar da aka kawo injin. Ni ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da mahaifinmu ya rasu.

Wata rana ya kurɓi shayi ya ce, "Wai ina ƙanen nan naka da ka ce za ka zo da shi? Wanda ka ce shi ya fi ka haƙuri, amma ba ya iya kallon mutum a ido?"

Na ce, "Yana gida."

"Ka kawo shi mana. Ka ce saboda shi ka yi wannan wahala duka, don kada ya tsufa a bayan garma."

Na tashi na tayar da inji, alhali babu ko tiya ɗaya ta hatsi a ɗakin. Tun daga ranar, in ƙarar ta cika kunnena, sai in ji kamar ana kiran sunana daga bayana, da muryar da ba ta da bambanci da tawa. In na kashe in waiwaya, ba kowa sai ƙurar gari tana sauka. Na daina kallon ruwan buta in zan yi alwala, don fuskar da ke ciki da hular nan ba na sanin ta wa ce.

Na kusa wata guda a haka. Ranar wata Laraba tsohuwar ta zo, na miƙa hannu zan karɓi bokiti, sai ta ƙi saki.

"Ɗana, kashe wannan abu."

Na kashe.

"Wancan bahago ne," in ji ta. "Da hagu yake karɓar koko, kullum sai na yi masa faɗa. Tun ranar farko na gani. Na yi shiru ne ina jira ka faɗa da kanka. Ina ɗan'uwanka?"

Na durƙusa a gabanta. Na faɗa mata harawa, da macijin, da makullin. Ta saurara har na gama, ta yi salati, ta goge fuska da gefen mayafi.

"Ka hana shi addu'ar mutanen da suka so shi," ta ce. "Wannan ba naka ba ne da za ka riƙe."

Ita ta sanar da layin. Bayan azahar liman ya zo da mutane kamar goma, aka shimfiɗa tabarmar yayana a ƙofar ɗakin, aka yi masa fatiha. Mai faci ya zauna a can ƙarshe, bai dube ni ba. Ya yi kwana shida ba ya amsa gaisuwata sai da kai. A na bakwai ya shigo ba shayi, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Na yi ta yi wa mamaci ba'a," ya ce. "Na ce masa ko amarya aka yi maka. Ka bar ni ina faɗa."

Na ce ya yafe mini. Ya dubi injin, sannan ya ce robar da ke juya shi ta saki, in kawo sifana ya ɗaure.

Injin na nan yana aiki har yanzu, na ƙara da na surfe a gefensa. Matar da yayana ya bari da 'ya'yanta mata biyu daga cikinsa suke ci. Amma ban taɓa jin wurin nawa ba ne. Kamar mai tsaro nake, wanda aka ce ya riƙe kafin a dawo.

Inna ta zo Maradi sau ɗaya tak, shekara biyu bayan haka, za a duba mata ido. Da muka fito daga likita ta ce in kai ta ta ga wurin. Ta ƙi shiga ciki, ta zauna a inuwa, ta sa na kira mata mai faci. Yayana ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba ta kuma fara ranar ba.

"Wancan," ta ce, "da yake nan, yana cin abinci kuwa?"

Mai faci ya durƙusa ya ce yana ci, Inna, tare muke ci, shinkafa da wake ya fi so, kuma sai ya cika yaji. Ta gyaɗa kai. Ta tambaye shi inda yake kwana, da wanda ke yi masa wanki, da ko sauro ya dame shi. Ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama sai ta ce in nemo mata kabu-kabu, tana son ta samu motar Gazawa tun rana ba ta yi sanyi ba.