Ranar da na shimfiɗa wa mahaifina tabarma a cikin rafi

A lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai, ina aiki a Sakkwato, na sayi tsohuwar mota mai tsayin ƙafa, ina ji da ita kamar ni na ƙera ta. Ba abin da nake so irin in bar kwalta in bi burji, in hau tudu, in yi zango inda na ga dama ina dafa shayi. Mahaifina kuwa yana garin Isa, ƙafafu sun daina ɗaukarsa. Burinsa ɗaya ne, ya sake ganin kufan ƙauyensu, can kan tudu bayan Tozai, ya nuna mini kabarin mahaifiyarsa. Ya ce mu jira kaka. Na ce motata ba ruwanta da damina.

Muka kama hanya da hantsi, gero ya yi kore shar, tsoho yana nuna mini gonar wane da rijiyar wane, yana dariyar da na daɗe ban ji ba. Da azahar muka iso wani busasshen rafi, yashi fari tas, ga inuwar tsamiya ta sauko ciki. Na tsayar da mota a tsakiya, na shimfiɗa masa tabarma. Ya dubi gabas, ya ce in fitar da shi, manomi ba ya zama cikin rafi da damina ko da gari ya washe, domin ruwan da aka yi a wani wuri shi ke gangarowa. Na yi dariya, na ce ya bari shayi ya tafasa.

Bai tafasa ba. Ƙugi na fara ji, sai ga jan ruwa ɗauke da itace. Na goya tsoho, na haura gaɓa da rarrafe, ruwa yana dukan cinyata. Mota ta tafi muna kallo. A amalanken shanu aka mayar da mu, ga tudun ƙauyensu muna hange.

Bai taɓa yi mini gori ba, cewa kawai ya yi za mu koma da kaka. Kafin a yanke gero ya rasu, kuma har yau abin yana ci mini rai. 'Yan'uwa masu son yawon daji, iya tuƙi daban, sanin ƙasa daban. In wanda ya tsufa a wuri ya ce ku tashi, ku tashi. Da kakar na je kufan ni kaɗai, na yi ta zagaye har la'asar. Ban sami wanda zai nuna mini kabarin ba.