Tsumagiyar Malam Ɗanjuma

Mun tashi da asuba daga Birnin Kudu, ni da abokin aikina, za mu Gwaram duba ɗaliban kwalejinmu masu gwajin koyarwa. Direba ya cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, ga buhun albasa a kan ƙafata. Hanya dai alhamdu lillahi, gero ya yi kyau dama da hagu. A tashar Gwaram muka karya da kunu da ƙosai, irin ƙosan yanzu da sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an yi baƙo.

Ɗan acaɓa ya kai ni makarantar ƙauyen da aka ba ni. Ina duba takarda sai ga sunan ɗalibin: Malam Ɗanjuma. Ikon Allah! Malamina ne na aji huɗu. Da tsohuwar takardar malanta ta Gireti Tu ya koyar da mu. Da aka ce ba ta isa ba sai NCE, ya yi ta ja da baya, ƙarshe ya koma karatu da furfurarsa. In ya faɗi gwajin nan, ritaya za ta cim masa babu takardar.

Ya shigo aji, yara suka miƙe, ni ma na tsinci kaina a tsaye. Sai na hango tsumagiya a hammatarsa. Tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi. Ga shi a kwaleji an ja mana kunne: duk ɗalibin da ya shiga aji da bulala, a kayar da shi. Ni zan kayar da wanda ya koya mini riƙe fensir?

Ya ɗaga tsumagiyar sama. Ƙas! Ya karya ta biyu.

"Wannan fa?"

Yara suka ce, "Rabi!"

Ya sake karyawa, suka ce, "Kwata!"

Ashe darasin lissafi ne. Nan take na rubuta: kayan koyarwa, cikakken maki.

Da zan tafi na durƙusa na yi masa sallama. Ya miƙo mini kwata ɗaya, ya ce, "Ungo rabonka, Malam mai duba. Kai ka fi kowa shan irinta."

Bayan la'asar muka dawo gida. Shekara da shekaru ina karantar da tarihin gyaran horar da malamai a allo, amma wallahi ban san ya iso aji ba sai da na ji karyewar tsumagiyar nan. Guntun yana kan teburina. Har yau in na kalle shi sai na gyara zama.