Malam Hamisu da tsohon batir ɗinshi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin karin kumallo yau da safe ƙanena ya kira ni daga Madarumfa, wai Malam Hamisu ya rasu. Kunun nan ban ƙare shi ba.

Shi ya koya mana kimiyya a kwaleji. Duk wanda ya bi ta ajinshi ya san mutum ne mai ban dariya.

Wata rana ya shigo aji da tsohon batir na mota a fashe, ya ajiye kan tebur, ya ce, "Wa zai lasa? Akwai tukwici." Muka yi ta dariya. Ya ce, "To dalmar da ke cikin nan akwai ta a hayaƙin sigari, ga kadmiyom, ga arsenik, duk guba ne. Ganyen taba ke tsotso su daga ƙasa. In suka shiga jiki ba su da saurin fita, sai su zauna a ƙoda da ƙashi. Wanda ke zaune kusa da mai sha ma yana samun rabonshi."

Nan dariyata ta tsaya. Babana masunci ne, a ɗaki yake shan tabarshi, ƙanwata jaririya tana kwance gefe tana tari.

Da aka tashi na gaya ma Malam abin da ke faruwa a gidanmu. Washegari sai ga shi bakin tabki, wai ya zo sayen kifi. Ya zauna cikin jirgin Baba suna ta raha, har ya ce mashi, "Baba, kifi ake ƙyafewa da hayaƙi, ban da jarirai." Baba ya yi dariya har da tari.

Daga ranar ya koma sha a waje. Kafin damina ya bari gaba ɗaya. Jaririyar nan yau 'ya'yanta biyu.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tashar Ɗan Issa ce ta bakin iyaka, bayan sallar layya. Ya tsufa, yana dogara sanda, amma yana ganina ya kai hannu aljihuna yana lalube, wai sigari yake nema. Ya ci karo da dabino. Ya ce, "Wannan na kama shi, kwastan ne ni yau." Ya jefa a baki, ya shiga mota yana ɗaga mini hannu.

Allah Ya gafarta ma Malam, Ya haskaka kabarinshi, Ya ba iyalinshi haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a.